Ƙullutun Gaban Kunne Da Dajin Da Ke Bin Jijiya

(Jawabin da aka gabatar a zaman ƙungiya na ƙarshen wata, a Kafanchan)



Kwamitin taimakon marasa lafiya ne ya ɗora mana nauyin yin wannan magana. Mu kuwa 'yan kasuwa ne, abin da muka sani shi ne awo da ciniki da ɗan abin da muka samu a Islamiyya. Saboda haka abin da za ku ji yau mun tattaro shi ne daga bakin likitoci da 'ya'yanmu masu aikin asibiti, sa'an nan muka juye shi cikin Hausar kasuwa yadda kowa zai ɗauka. Maganar a kan wani ciwon daji ne da ke fita a gidajen miyau, watau wuraren da jikin mutum ke sarrafa miyau. Ba shi da yawa ko kaɗan. A cikin mutum miliyan ɗaya, uku ko huɗu yake kamawa a shekara. Amma halinsa ya sha bamban da na sauran, kuma irin taimakon da muka saba yi wa marar lafiya, na a haɗa kuɗi sau ɗaya a tashi, bai dace da shi ba.

To, bari mu fara da inda gidajen nan suke. Manyan guda shida ne, uku a kowane ɓangare. Akwai babba a gaban kunne, daidai inda hangum ke kumbura wa yara. Akwai na biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, na uku kuma a ƙarƙashin harshe. Ban da waɗannan akwai ƙanana ɗaruruwa, kamar ƙwayar gero, a warwatse a gandar baki da leɓɓa da cikin kunci har zuwa maƙogwaro. Su ne ke haɗuwa su ba mutum miyau wajen lita ɗaya kowace rana, ba ya ma sanin ana yi masa wannan aiki sai ran da bakinsa ya bushe.

Kada wani ya shafa gaban kunnensa ya ji ɗan tudu ya kasa barci yau. Yawancin kumburin wurin ba daji ba ne. Hangum yakan zo da zazzaɓi, sau da yawa ya kama ɓangare biyu, cikin mako ɗaya ko biyu ya sauka. Akwai tsakuwa da ke toshe hanyar miyau, wannan za ka ga wurin ya kumbura lokacin cin abinci, an jima ya sace. Akwai kaluluwa da ke tasowa saboda ciwon haƙori ko tarin fuka. Ko ƙari ne ma ya fito a babban gidan na gaban kunne, kusan takwas cikin goma ba mugu ba ne. Sai dai likitoci suna da wata ƙa'ida da ya kamata mu riƙe: gwargwadon ƙanƙantar gidan, gwargwadon haɗarin ƙarin da ya fito a cikinsa. Na ƙarƙashin muƙamuƙi kusan rabi da rabi ne. Wanda ya fito a ganda ko ƙarƙashin harshe kuwa, a ɗauke shi da muhimmanci tun ranar da aka gan shi. Har ila yau, shi ƙarin da ba mugu ba ɗin, idan aka bar shi ya shekara goma sha, wani yakan rikiɗe ya zama daji.

Wanda muka zo magana a kansa likitoci na kiransa adinoyid sistik kasinoma. Sunan ya yi wa bakinmu nauyi, don haka a nan za mu riƙa ce masa daji mai bin jijiya, za ku ji dalili. Tun shekarun 1850 likitocin Faransa da Jamus suka bayyana shi a rubuce. Cikin kowane ƙari goma da ke fita a gidajen miyau, kusan ɗaya shi ne. Ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, watau tsararrakinmu, kuma ya ɗan fi yawa ga mata. Ba a ɗaukarsa ta hanyar haɗa kwano ko kofi, ba a san shi da bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya ba, kuma ba a sami alaƙarsa da taba ba, ko da yake taba na da nata dajin bakin da take jawowa. A shekarar 2009 masu bincike a ƙasar Suwidin suka gano cewa a da yawa daga masu shi wasu ƙwayoyin halitta biyu ne ke karyewa su manne da juna a cikin naman wurin. Abu ne da ke faruwa a jikin mutum bayan an haife shi. Don haka ba laifin kishiya ba ne, ba kuma na abokin gaba a kasuwa ba.

Halinsa na farko shi ne sanɗa. Ƙullutu ne ɗan ƙarami mai tauri, kamar goro ko ƙasa da haka, ya yi shekara biyu, uku, har biyar yana ƙaruwa kaɗan kaɗan. Mutum yana zuwa rumfarsa, yana cin tuwonsa, yana tafiya Kwoi ko Kachia sayen citta, babu abin da ya hana shi. Mace kuwa mayafi ya rufe mata wurin, ko mijinta ba lallai ya lura ba. Mu kuma mun saba auna ciwo da zafinsa, abin da bai kwantar da mutum ba ba ma kiransa ciwo. A nan yake samun lokaci.

Hali na biyu shi ne wanda ya ba shi suna. Sauran nau'in daji sukan bi kaluluwar wuya su yaɗu. Shi wannan ba kasafai yake bin ta nan ba, jijiya yake bi. Duk mai ɗakin kwano ya san yadda yoyo yake: ruwa ya shiga ta ramin ƙusa a can sama, ya bi katako ya gangara, sai ya ɗiga a kusurwar da ba ta da rami. Haka wannan dajin ke kwanciya a jikin jijiya ya riƙa bin ta, wani lokaci ya yi tsalle ya bar wuri lafiyayye a tsakani, yana nufar gindin ƙoƙon kai inda jijiyoyin suka fito. Abin da hannu ke taɓawa a waje ƙarami ne, abin da ya tafi ciki ba a ganinsa.

Daga nan alamominsa suke fitowa. Jijiyar da ke motsa fuska, wadda ke sa mutum ya rufe ido ya yi murmushi ya ɗaga gira, ta tsakiyar babban gidan miyau na gaban kunne ta ratsa, ta rabu rassa biyar kamar yatsun hannu. Idan dajin ya kama ta, sai baki ya fara karkacewa, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, ruwa ya riƙa zuba ta gefen baki wajen kurkure. Idan jijiyar ji ya kama, sai leɓe ko kunci ko gefen harshe ya mutu kamar an yi allurar cire haƙori, ko kuwa a riƙa jin wani zugi mai zurfi da ba ya jin Panadol. Mun san abin da ake cewa a gidajenmu in baki ya karkace: iska ta buge shi, ya fita da dare ya gamu da mutanen ɓoye. Gaskiya ne akwai karkacewar baki da ke zuwa dare ɗaya kuma ta warware da kanta cikin makonni ko 'yan watanni. Amma karkacewar da ke zuwa a hankali tana ƙaruwa, ko wadda ta zo tare da ƙullutu a gaban kunne, wannan ba ta jiran hayaƙi da shafe-shafe. A yi addu'a, a kuma shiga mota.

Muna roƙon 'yan uwanmu wanzamai da ke cikin wannan taro su saurara da kyau, don su ake fara kai wa. Kada a sa aska a irin wannan ƙullutu. Kada a yi masa sakiya, kada a kafa ƙaho, kada a ɗaura masa magani mai cin fata don ya fashe. Ba maruru ba ne, babu mugunya a ciki. Tsaga shi na iya watsa ƙwayoyinsa cikin naman da ke kewaye, kuma aska na iya yanke jijiyar fuska, wadda in ta yanke mutum ya zauna da karkataccen baki. Wannan gargaɗin ya hau kan ƙananan asibitocin kuɗi ma, inda wani zai ce kawo in ɓare maka shi yanzu-yanzu ka koma kasuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Likitoci sun ce aikin farko shi ne babbar damar mai wannan ciwo, in aka ɓata shi, na biyu ya fi wuya nesa ba kusa ba.

To ina za a dosa? A fara da babban asibitin garin nan, wanda jama'a suka sani da sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa, a ga likita, a nemi takardar turawa gaba. Aikin na ƙwararrun kunne da hanci da maƙogwaro ne, ko na ƙwararrun tiyatar baki da muƙamuƙi. Ana samunsu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wanda ya fi mana kusa, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. A can za a ɗauki hoton wurin, a soka siririyar allura a zuƙo ɗan abin da ke ciki a duba. Akwai hoton da ake kira Em-Ar-Ai, wanda ake shigar da mutum cikin wani bututu, yana da tsada, amma shi ne ya fi nuna nisan da dajin ya yi a jikin jijiya. In likita ya nema, kada a ce ai an riga an yi hoto ɗaya. Za a kuma ɗauki hoton ƙirji tun farko.

Maganinsa na asali tiyata ce. Ana cire ƙarin tare da gidan miyan da kuma lafiyayyen nama a kewaye, kamar yadda mai sayar da doya ke yanke ruɓa ya haɗa da ɗan mai kyau. In jijiyar fuska tana aiki kuma dajin bai naɗe ta ba, likita zai yi ƙoƙari ya bar ta. In ya cinye ta, dole a yanke, wani lokaci a ɗauko wata jijiya daga wuya ko ƙafa a yi mata gada. In a ganda yake, akan cire wani ɓangare na ƙashin sama, a yi wa mutum wani faranti kamar na haƙoran roba da zai toshe gurbin don ya iya ci da magana. Waɗannan abubuwa ne da ya kamata a tambaya kafin a sa hannu a takarda, kuma in marar lafiya mace ce a bar ta ta ji da kunnenta, fuskarta ce. Bayan aikin gaban kunne wasu kan ji fatar kunnensu ta mutu, wasu kuma in suna cin abinci sai gumi ya riƙa tsattsafowa a kuncin. Wannan ba dawowar ciwo ba ce, jijiyoyi ne suka haɗe ba daidai ba wajen warkewa.

Yanzu ga inda muke so kowa ya buɗe kunne. Naman da aka cire, sau da yawa akan sa shi a kwalba cikin ruwan magani a miƙa wa dangi, a ce su kai ɗakin gwaji su biya. Mutane sun gaji, kuɗi sun ƙare, ga marar lafiya ya farfaɗo yana shan kunu, sai a ce ai an rabu da bala'i, a je bayan gida a haƙa rami a binne. Wallahi wannan kwalbar ta fi duk magungunan da aka saya daraja. Ita za ta faɗi sunan ciwon. Ita za ta faɗi ko an cire shi duka ko an bar saura a bakin yanka, da ko ya shiga jijiya. Ita ce kuma za ta faɗi irinsa, domin a ƙarƙashin madubin likita kala uku yake: akwai mai kamar bututu, akwai mai huda-huda kamar rariya, akwai cusasshe wanda ba shi da huda. Biyun farko sun fi sauƙin kai, cusasshen ya fi saurin yaɗuwa. In babu wannan sakamako, duk likitan da zai ga mutumin nan gaba lalube zai yi cikin duhu. A karɓo takardar, a yi mata hoto a waya, a buga kwafi biyu, a ajiye ta inda ake ajiye takardar fili.

Bayan tiyata, yawancin masu wannan ciwo sai an yi musu gashi da na'ura, saboda 'yan ƙwayoyin da suka bi jijiya waɗanda wuƙa ba ta kai gare su ba. Ana so a fara cikin mako shida bayan aiki. Ana yin sa kullum, Litinin zuwa Juma'a, kusan sau 30, watau wajen mako shida. Kowane zama 'yan mintoci ne kuma ba a jin zafi a lokacin, amma daga mako na uku baki kan yi gyambo, ɗanɗano ya tafi, miyau ya ƙafe, mutum ya rame in ba a dage masa da kunu da madara da romo ba. Kafin a fara sai likitan haƙori ya duba ya cire ruɓaɓɓu, domin cire haƙori bayan gashi na iya sa ƙashin muƙamuƙi ya ƙi warkewa. Ana yin gashi a Shika da Abuja da Sakkwato, kuma a 2025 an buɗe sabuwar cibiya a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. Na'urorin ba su da yawa a ƙasar nan, layi na da tsawo, wani lokaci kuma sukan tsaya, don haka a yi waya a tabbatar kafin a ɗauki marar lafiya a hau hanyar Kachia. Abin da ba a so shi ne a fara a tsaya a tsakiya don kuɗin masauki ya ƙare.

Maganin ƙarin ruwa da ake kira kemo, wanda ke aiki sosai a wasu nau'in daji, a wannan ba ya yin abin kirki, an fi ajiye shi sai ciwo ya yaɗu yana damun mutum. Akwai sababbin ƙwayoyi irin su lenbatinib da kan tsayar da shi na wani lokaci, amma waɗanda ƙarin ke raguwa a jikinsu ba su kai biyu cikin goma ba, ga tsada. A Jamus da Japan akwai wasu manyan na'urorin gashi na musamman da ake amfani da su in ciwon ya kai gindin ƙoƙon kai, babu irinsu a Nijeriya. Mun faɗi haka ne don kada wani dillali ya sa mutum ya sayar da gida a kan alkawarin warkewa a waje. Tiyata mai kyau da gashi a kan lokaci su ne ginshiƙi, kuma ana yinsu a nan gida.

Hali na uku shi ne ya sa kwamiti ya ce a yi wannan jawabi. A yawancin ciwon daji, in mutum ya shekara biyar lafiya bayan magani, likitoci kan ce da sauƙi. Wannan ba ya bin wannan lissafin. Kamar mai bin tsohon bashi yake, wanda ka ɗauka ya manta, sai bayan shekara goma ka gan shi a ƙofar rumfa da littafinsa. A wasu ƙididdigar ƙasashen da ke da kayan aiki, kusan tara cikin goma na masu shi suna raye bayan shekara 5, amma bayan shekara 15 sai a ga sun koma wajen huɗu cikin goma. Yakan dawo a inda aka cire shi, ko ya bi jini ya sauka a huhu, wanda shi ne masaukinsa na farko, sa'an nan ƙashi da hanta. Kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na masu shi sukan gamu da irin wannan yaɗuwa a tsawon rayuwarsu.

A nan garin an taɓa samun wata baiwar Allah da aka yi wa aiki a ƙarƙashin muƙamuƙi, ta warke sarai, ta aurar da 'ya'ya, ta yi jikoki. Bayan shekaru masu yawa ta fara tari. Aka ɗauki hoton ƙirji aka ga tabo-tabo, aka ɗora ta a kan maganin tarin fuka wata shida, babu canji. Ba wanda ya tambaye ta tabon da ke wuyanta, ita ma ba ta ga abin da ya haɗa aikin da ta manta da shi da tarin yau ba, takarda kuwa babu. Sai da wani likita ya sa aka ɗebo naman huhun aka gane abin da ake ciki. A ƙasar da tarin fuka ya yi yawa irin tamu, wannan ruɗani abu ne mai sauƙin faruwa. Duk wanda aka taɓa yi wa aikin gidan miyau, ya faɗa wa kowane likita da zai gani har ƙarshen rayuwarsa, ko ciwon ƙafa ya kai shi.

Amma kada jin an ce ya sauka a huhu ya sa a naɗe hannu a fara rabon gado. Sanɗar nan tasa a nan tana yi wa marar lafiya rana. Mutane da yawa suna shekaru da shi a huhu suna harkokinsu, wani lokaci likita ba ya ba da komai sai sa ido da hoto, in kuma tabon ɗaya ne ko biyu akan iya cirewa ko a gasa shi. Abin da ake bukata shi ne komawa asibiti a kan ƙa'ida: duk wata uku ko huɗu a shekarun farko, daga baya duk wata shida, sa'an nan sau ɗaya a shekara tare da hoton ƙirji, ba ranar dainawa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce tamu. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021, da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza ya fara, namu wannan ba ya cikin ukun. Kowa kuma ya san yadda cutar citta ta 2023 ta karya jarin mutane a wannan yanki, manoma da mu masu saye baki ɗaya, har yau wasu ba su miƙe ba. Yadda muka saba, in an ce za a yi wa wani aiki, a zagaya da faranti bayan sallar Juma'a, a tara abin da ya samu, a kai masa, shi ke nan an sauke nauyi. A wannan ciwon kuɗin tiyata kashi ɗaya ne kawai. Akwai na gwajin nama, akwai na zaman mako shida a Zariya ko Abuja shi da mai jinya, akwai na mota da hoto kowace shekara har shekara ashirin, lokacin da kowa ya manta an taɓa yi masa aiki kuma shi yana jin kunyar sake roƙo.

Saboda haka kwamiti na kawo shawara uku gaban wannan zama. Duk wanda ƙungiya ta taimaka wa da kuɗin tiyata kowace iri, a ware kuɗin gwajin nama daban a riƙe a hannun ma'aji, ba za a bayar ba sai a ɗakin gwaji. A nemi 'yan uwanmu da ke zaune a Samaru da Tudun Wadan Zariya da Jos da Abuja waɗanda za su iya ba marar lafiya da mai jinyarsa ɗaki na mako shida, a rubuta sunayensu tun yanzu. Sa'an nan a buɗe ɗan littafi a hannun mutum biyu amintattu, namiji ɗaya mace ɗaya, a rubuta ranar komawar kowane mai irin wannan ciwo in ya yarda, a riƙa tuna masa ana ba shi kuɗin mota, ba tare da an karanta sunansa a taro ba. Nawa kowane ɗan ƙungiya zai riƙa sakawa a wata, wannan mun bar wa zaman nan ya yanke, ma'aji ya zo da lissafin abin da ke cikin asusu.